Cairngorms ko Knoydart: wanne ya dace da tafiyar kwanaki a ƙafa cikin watan Oktoba?

Duk wanda yake zaune a Birtaniya, ɗalibi ne a Aberdeen ko ma'aikacin asibiti a Glasgow, in ya fara ɗanɗana hawan duwatsun Sikotlan, ba a daɗewa yawon yini guda yake daina isarsa. Sai ya fara tunanin saɓa jakar baya da tanti ya shige daji kwana uku ko huɗu, inda babu titi, babu shago, wayar ma babu sabis. Da ya soma tambaya, sunaye biyu zai riƙa ji: Cairngorms a gabas, da Knoydart a bakin tekun yamma. Galibi kuma watan Oktoba za a nuna masa, domin a lokacin ƙananan ƙwarin nan masu cizo da suke hana mutum sakat a Yuli da Agusta sun ɓace da sanyin farko, 'yan yawon buɗe ido sun watse, ciyawar tsaunuka ta koma ja, mazan bareyi kuma suna ruri a cikin kwaruruka dare da rana.

Ga inda na tsaya tun daga farko. Wanda bai taɓa irin wannan tafiya ba, ya nufi Cairngorms a rabin farko na Oktoba, ya bi mashigun da suke tsakanin tsaunuka, ya bar hawa doronsu. Knoydart ya ajiye shi sai ya ƙware, kuma sai yana da kwanakin da zai iya ɓatawa. Wanda ya duba taswira zai yi mamakin wannan shawara, don Cairngorms ya fi tsayi nesa ba kusa ba, ya kuma fi sanyi. Ni abin da nake aunawa shi ne: ranar da yanayi ya juya, kuma a kakar Sikotlan sai ya juya, ta ina mutum zai fita?

Cairngorms shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Birtaniya, an kafa shi a 2003, faɗinsa murabba'in kilomita 4,528. A cikinsa Ben Macdui yake, mai tsayin mita 1,309, wanda babu abin da ya fi shi a ƙasar sai Ben Nevis. Kusa da shi akwai Braeriach mai mita 1,296 da Cairn Toul mai mita 1,291. Tsaunukan nan ba masu tsini ba ne. Wani shimfiɗaɗɗen tudu ne mai faɗin gaske, wanda manyan kwaruruka suka tsaga. Biyu daga cikin tsagogin su ne hanyar matafiyi: Lairig Ghru da Lairig an Laoigh, tsofaffin hanyoyin da ake kora shanu ta cikinsu zuwa kasuwannin kudu. Mutum zai sauka daga jirgin ƙasa a Aviemore, kimanin awa uku daga Edinburgh ko Glasgow, ya shiga dajin Rothiemurchus, ya haura Lairig Ghru har ƙololuwarta mai kusan mita 835, ya gangara wajen kogin Dee, ya karkata zuwa Derry Lodge, sannan ya juyo arewa ta Lairig an Laoigh ya fito Glenmore. Zagayen ya haura kilomita 50, kwana uku ga mai ƙarfi, huɗu ga mai son ya kalli abin da ya zo gani.

Farkon tafiyar daɗi ne zalla. Turba ce busasshiya cikin tsofaffin bishiyoyi masu jan ɓawo waɗanda ba sa zubar da ganye, a tsakaninsu ga masu farin ɓawo da ganyensu ya koma ruwan ɗorawa. Sannu a hankali bishiyoyin suna gajarcewa, suna karkacewa, har su ƙare. Daga nan iska take fara magana. Kusa da ƙololuwa turbar takan ɓace ƙarƙashin tulin manyan duwatsu jajaye, sai dai mutum ya riƙa taka wannan ya tsallaka wancan, jaka mai nauyi tana rinjayarsa. In raɓa ta daskare a kansu da safe, santsinsu ya isa ya karya ƙafa. Kilomita biyun nan sukan ci lokacin da huɗu suke ci a daji, kuma wanda ya lissafa tafiyarsa da tsawon layi a taswira, duhu ne zai same shi a nan.

Bayan an gangara akwai bukkar Corrour, ɗan ɗakin dutse a gindin wani tsauni mai baƙar fuska, an tsallaka kogin Dee ta gadar ƙarfe kafin a kai gare ta. Irin waɗannan bukkoki 'yan ƙasar suna kiran su boti. Ba a kulle su, ba a biyan ko kwabo a mafi yawansu, kuma wata ƙungiyar 'yan sa-kai mai suna Mountain Bothies Association, wadda aka kafa a 1965, take kula da kimanin ɗari daga cikinsu. Babu katifa, babu famfo, babu lantarki. Dandamalin katako ne da murhu, itacen ƙonawa ma sai wanda ka ɗauko, don babu bishiya a kewaye. Corrour ƙarama ce kuma sananniya, ranar Asabar takan cika tun kafin la'asar. Saboda haka duk wanda ya bar tanti a gida don ya ji akwai bukka, ya ɗora kwanansa a kan sa'a. Wannan gargaɗin ya shafi Knoydart ma.

Haɗarin Cairngorms daga sama yake zuwa. Duk mita 100 da aka hau, sanyi yana ƙaruwa da abin da ya kusa digiri ɗaya, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta a doron tudun. A ƙololuwar Cairn Gorm aka auna iska mai gudun kilomita 278 a awa a ranar 20 ga Maris 1986. Dusar ƙanƙara takan fara zuba a can tun Oktoba, wani lokaci ma tun ƙarshen Satumba, alhali a Aviemore mutane suna yawo da riga mai sauƙi. In hazo ya rufe, babu dutse ɗaya da ya bambanta da ɗan'uwansa, kuma gefen tudun gangara ce miƙaƙƙiya. A watan Nuwamba 1971 wasu 'yan makaranta daga Edinburgh suka hau doron da nufin ratsa shi zuwa Corrour, da yanayi ya ɓaci suka nufi wata ƙaramar mafaka a can sama. Guguwar ƙanƙara ta rutsa su kafin su kai, suka kwana biyu a fili, yara biyar da wata matashiya mai taimaka wa jagorarsu suka rasu. Har yau shi ne mafi munin abin da ya faru a tsaunukan Birtaniya, kuma daga baya aka rushe mafakar don kada ta sake jan wasu zuwa can. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

To amma ga abin da ya sa duk da haka na fifita Cairngorms: wannan haɗarin mutum ne yake zaɓar shigarsa. Babu abin da ya tilasta maka hawa Ben Macdui. In gari ya waye tas, iska ta kwanta, ka ajiye kaya a tanti ka hau ka sauko. In gari ya ɓaci, ka ci gaba da bin kwari, inda turba take a bayyane, ƙasa kuma tsakuwa ce mai shanye ruwa da wuri.

Wuri ɗaya ne a zagayen nan nake so mai karatu ya riƙe sunansa: Fords of Avon, a hanyar dawowa. Kogin Avon ne, ba shi da gada, sai a shiga ruwa. A ranar rani tsallaka duwatsu ne kawai. Bayan ruwan kwana biyu kuwa yakan kai cinya, da ƙarfi da sanyin da yake kashe ƙafa cikin minti ɗaya. Akwai wata 'yar mafakar katako a gaɓar arewa, ta gaggawa ce, ba masauki ba. Kafin a kai can ma akwai rafin Glas Allt Mòr a saman Glen Derry, shi ma babu gada. In ka iske ruwan ya yi yawa, ka juya. Juyawar nan tana da ciwo, amma tana da inda za ta kai ka: Derry Lodge, daga nan kilomita biyar na hanya mai kyau zuwa Linn of Dee inda kwalta ta fara, sai kuma kimanin goma zuwa garin Braemar, inda bas yake tashi zuwa Aberdeen. Za ka fito nesa da inda ka shiga, za ka kashe kuɗin mota, amma za ka kwana a gado.

Knoydart wata duniya ce daban. Ƙasa ce da teku ya kutsa ta gefe biyu, Loch Nevis a kudu da Loch Hourn a arewa. Ƙauyenta, Inverie, babu titin da ya haɗa shi da sauran Birtaniya. Ko dai jirgin fito daga Mallaig, ko ƙafa. Mazauna yankin duka ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Hanyar da aka fi bi tana tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Glenfinnan, ta wuce ƙarƙashin doguwar gadar nan mai baka 21, ta haura ta faɗa Glen Dessarry inda bukkar A' Chuil take, ta gangara bakin teku a Sourlies, sannan ta haye mashigar Màm Meadail ta sauka Inverie. Kusan kilomita 45 ne, kwana uku. Akwai gajeriya daga Kinloch Hourn ta Barrisdale, kimanin kilomita 25, sai dai Kinloch Hourn tana ƙarshen wani siririn titi mai tsawon kilomita 35 wanda babu motar haya a kansa.

In kyau ake nema, ba na jayayya, Knoydart ya yi gaba. Tsaunukansa ba su kai na gabas ba, Ladhar Bheinn mita 1,020 ne, Sgùrr na Cìche kuma 1,040, amma daga bakin teku suke tashi kai tsaye, masu tsini da ƙugu, don haka kowace mita da ƙafarka za ka hau ta. Ranar da gari ya buɗe, daga saman Ladhar Bheinn ana hango tsibiran Skye da Rum da Eigg a cikin teku. Babu abin da ya yi kama da wannan a Cairngorms.

Matsalar ita ce ruwa. Iskar da take tasowa daga tekun Atilantika a nan take fara cin karo da tsauni, a nan take sauke kayanta. Braemar ba ta kai milimita 1,000 na ruwa a shekara ba, tsaunukan yamma kuwa suna haura 3,000, kuma Oktoba yana cikin watannin da suka fi jiƙa. Ƙasar dutse ce mai tauri da siririyar laka a kai, ba ta da inda za ta ɓoye ruwa, sai ya gangaro nan take. Wanda ya san ƙoramar ƙasarmu da damina, wadda yara suke wasa a yashinta da safe amma da la'asar ta tafi da mota, ya riga ya fahimci rafukan Knoydart. Bambancin kawai shi ne a nan ba guda ɗaya ba ne. Kowane lungu da nasa, waɗansu ma taswira ba ta damu da ba su suna ba. Mutum zai iya tsallake uku lafiya, na huɗu ya tsare shi, ya juya ya iske na bayan ma sun cika. A nan babu Braemar. Kwalta mafi kusa tana Strathan, a ƙarshen tafkin Arkaig, wuri ne da ba bas, ba shago, ba tabbacin sabis. Abin da ya rage shi ne a kafa tanti a jira. Sa'ar da aka yi, yadda ruwan yake cika da sauri haka yake janyewa, sau da yawa cikin awanni kaɗan bayan sama ta ɗauke. Amma jira yana bukatar abinci na ƙari, da gas na ƙari, da mutumin da ba ya da aikin safiyar Litinin yana matsa masa. Yawancin munanan shawarwarin da ake yankewa a bakin kogi, tikitin jirgi ne yake yanke su.

Kwanan Sourlies shi ne zuciyar tafiyar, kuma a nan ake ganin halin wurin duka. Bukka ce ƙarama a ƙarshen Loch Nevis, ciyawa kore a gabanta, warin teku, bareyi suna saukowa kiwo da yamma. Da safe sai an duba teku kafin a tashi, domin hanya tana zagaya wani hancin dutse ta bakin gaɓa. In teku ya janye, tafiyar mintuna ce a kan tsakuwa da gansakuka. In ya cika, dole a haura hancin da kaya a baya. Bayansa akwai fadamar Carnoch, shimfiɗar ciyawa mai yaudara, wadda mutum zai taka inda yake ganin tudu ya nutse har gwiwa, wani lokaci fiye. A bi gefen kogi ko gindin tsauni, a riƙa caka sanda kafin a sa ƙafa. Daga nan gada, sannan hawa na mita 550 daga daidai bakin teku zuwa Màm Meadail, da takalmi cike da laka.

A gindin hawan akwai kufai, bangayen dutse da babu rufi. Kada mutum ya wuce su da sauri. Wannan daji da ake yabo don babu kowa a cikinsa, a da cike yake da mutane. A watan Agusta 1853 aka ɗora mazauna Knoydart 330 a jirgin ruwa mai suna Sillery zuwa Kanada, aka rushe gidajensu don a sake tumaki. A 1948 wasu mutum bakwai suka kafa turaku suka ce gonakin kakanninsu ne, mai ƙasar na lokacin, Lord Brocket, ya kai su kotu ya yi nasara. Sai a 1999 jama'ar wurin suka sayi babban ɓangaren ƙasar ta hannun Knoydart Foundation. Wutar lantarkin Inverie ma daga madatsar ruwansu take zuwa. Ina ganin wanda ya shiga ƙauyen da wannan a ransa zai fi sanin darajar gaisuwar da za a yi masa a bakin hanya.

Isa Inverie kuma ba isa gida ba ne. Jirgin fiton yana rage zirga-zirga idan lokacin baƙi ya wuce, kuma iska mai ƙarfi takan hana shi tashi. Daga Mallaig zuwa Glasgow a jirgin ƙasa fiye da awa biyar ne. Tafiyar kwana uku a Knoydart, a ware mata biyar.

Sauran abubuwan duka wuraren biyu sun yi tarayya a kansu. Rana gajeriya ce: a farkon Oktoba akwai haske kusan awa goma sha ɗaya da rabi, a ƙarshensa kimanin tara, kuma ranar Lahadin ƙarshe ta watan ake mayar da agogo baya, sai magariba ta faɗo kafin ƙarfe biyar. Wannan ya fi cutar da mai tafiya a Knoydart, inda kilomita biyu a awa ma abin godiya ne. Harbin mazan bareyi ya fi yawa a makonni ukun farko na Oktoba, na matan kuma yana farawa 21 ga wata har 15 ga Fabrairu. Dokar 2003 ta ba kowa damar ratsa daji da kafa tanti a Sikotlan muddin ya kiyaye haƙƙin wasu, don haka a bi manyan turbobi, a karanta sanarwar da masu gandu suke mannawa a bakin ƙofa. Kaska ba ta mutuwa da wuri kamar ƙwarin rani, ta fi yawa a dogayen ciyayin yamma, kuma tana ɗauke da cutar Lyme. A duba jiki kowane dare. Kayan auduga, har da singileti da wandon jins, a bar su a gida, don in sun jiƙe ba sa bushewa kuma suna zuƙe ɗumin jiki. Taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswirar Birtaniya, jerin Landranger, lamba 36 da 43 don Cairngorms, 33 da 40 don Knoydart, da kamfas, da iya aiki da su tun kafin a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga musulmi, sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli yana da amfani ƙwarai a nan, don azahar da la'asar da magariba sukan matso kusa da juna. Alƙibla tana kudu maso gabas, kamfas ɗin da yake hannunka ya wadatar. Ruwan alwala kuwa a ɗan ɗumama shi a murhun gas, a kuma goge ƙafa ta bushe sarai kafin a mayar da safa. Dabino da ƙuli-ƙuli da garin rogo ba su da nauyi, ba sa lalacewa, kuma sun fi yawancin abincin leda da ake sayarwa da tsada a shagunan kayan hawa riƙe ciki.

Akwai abu ɗaya da zai iya juya shawarata, shi ne inda iska take fitowa a makon tafiyar. Galibi daga yamma take, shi ya sa gabas yake bushe. Amma in ta juyo daga gabas, lissafin yana kifewa. A Oktoba 2023 guguwar Babet ta sauke ruwa a gabashin Sikotlan har garin Brechin ya yi ambaliya, kuma irin wannan iskar takan bar bakin tekun yamma da sauƙin ruwa. Don haka wanda ya riga ya ƙware, yana da taswirorin duka biyu, kada ya yanke shawara sai saura kwana uku ko huɗu. Ya duba hasashen Mountain Weather Information Service da na Met Office na tsaunuka, ba na gari ba. In ya ga an yi kwanaki babu ruwa a yamma, kuma ana sa ran wasu kwanakin haka, ya tafi Knoydart ba tare da waiwaye ba, irin wannan makon ba ya zuwa kowace shekara. In ya ga ruwa daga yamma da iska matsakaiciya, Cairngorms ta cikin kwari. In ya ga iskar da ta haura kilomita 80 a awa a kan tsaunuka ta kowane ɓangare, ya fasa, ko ya taƙaita zuwa kwana ɗaya a bukkar Ryvoan, wadda ba ta wuce tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Glenmore ba.

Ko ina aka zaɓa, a rubuta hanya da ranar fitowa a bar wa wani a gida, a gaya masa lokacin da zai kira 999 ya nemi 'yan sanda, su haɗa shi da masu ceto na tsauni. Waɗannan 'yan sa-kai ne, ba sa karɓar kuɗi, amma kafin su iso Sourlies ko Fords of Avon awanni ne masu yawa. A kuma tura kalmar register zuwa 999 tun daga gida, domin a wurin da sabis bai isa ɗaukar kira ba, saƙon tes yakan iya fita.